Rabin Hantata Yana Cikin Shu'aibu

Tun da muka dawo daga Indiya ban sayar da kifi cikin kwanciyar hankali ba. Mace za ta tsaya gaban tirena a kasuwar Yelwa, ta ɗauki busasshiyar tarwaɗa tana juyawa, alhali ba saye ya kawo ta ba. Can sai ta rage murya: "Rakiya, wai da gaske an yanke miki hanta? Kuma kina cin tuwo kamar kowa?" Wasu har so suke in ɗaga riga. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya a miƙa mata ta karanta.

Shu'aibu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Jirgin ruwa mai inji yake tuƙawa, yana ɗaukar 'yan kasuwa tsakanin Yelwa da Wara. Ciwon hanta ya daɗe yana cinsa a ɓoye. Sai da idonsa ya koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, ya fara kirana da sunan matarsa, sannan muka san abin ya wuce wasa. Likita a Sakkwato ya ce hantar ta gama aiki, sai dai dashe. Aka gwada mu, jinina ya zo daidai da nasa, kuma ba ni da cutar. Yadda aka haɗa kuɗin tafiya kuwa, jirginsa ya tafi, gonarmu ta Shanga ta tafi, sauran Allah kaɗai zai biya dangi da maƙwabta.

Kafin in shiga hanya dole in gaya muku wace ce Inna, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane sauran labarin ba. A tsibiri aka haife ta. Tana yarinya ruwan Kainji ya cinye garinsu, aka kwaso su aka zube a tudu cikin mutanen da ba su san su ba. Babanmu kuma shawara ce ta kama shi ina ƙarama, aka kai shi asibiti aka yi masa allura, bai ƙara tashi ba. Tun daga ranar Inna ta riƙe abin da kowa a wajenmu ya sani, cewa mai shawara ba a yi masa allura. Ranar da za mu tashi ta ja ni ɗaki ta danƙa mini ƙullin garin saiwa da sassaƙe.

"Ga wanga," in ji ta. "In kin ga idon Shu'aibu ya ƙara juyawa, ki jiƙa mai. Kuma kada ki bari su taɓa shi da allura. Kin dai ga abin da yas samu babanku."

Na ce, "To, Inna." Tana fita na ɗora ƙullin a kan kwabata na bar shi nan. Na manta cewa wadda ta haife ni ta san halina. Da aka shimfiɗa Shu'aibu a bayan mota, sai ga ta da wani ɗan matashin kai da ta ɗinka da hannunta, ta tura masa a ƙarƙashin wuya, ta ce kada ya rabu da shi.

Hanyar Kontagora kun san ta, ba sai na ɓata takarda ba. Abu ɗaya zan faɗa. A bakin wani ƙauye 'yan banga suka tare mu da bindigoginsu na gida, suka leƙa kowace fuska. Direbanmu baƙo ne, Shu'aibu kuma da aka tambaye shi daga ina, sai ya ce daga cikin ruwa. Nan fa suka ce sai mun fito. Na fito na tsaya a rana na kira sunan unguwarmu da na kakanninmu, na ce ga mara lafiya nan, in ya mutu a hannunsu su za su yi masa wanka. Wani dattijo a cikinsu ya ce a ƙyale mu, ya ba ni haƙuri. Ya ce abin da suka gani a shekarun nan ya sa duk baƙuwar fuska abin tsoro ce gare su. Ban ji haushinsu ba, amma ban manta da su ba.

A Abuja muka hau jirgin sama, muka sauya wani a Habasha. A can na fara cin karo da matakala mai tafiya da kanta. Na sa ƙafa ɗaya, ta tafi da ita ta bar ni da ɗayar. Wata Bahabashiya ta riƙo ni tana dariya, ni ma na taya ta, don in ban yi dariya ba kuka zan yi.

Da muka sauka Delhi, wani kare na ma'aikatan filin jirgi ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe. Kuka ta wuce, kuɓewa busasshiya ta wuce, yaji ya wuce. Da ma'aikacin ya kwance ledar daddawa kuwa, sai ya ja da baya ya kira na gaba da shi. Na yi ta bayani da Turancin sakandare cewa abin miya ne, suka jefa ta a kwandon shara da safar hannu. Matashin Shu'aibu yana kan cinyarsa a keken marasa lafiya, babu wanda ya ko kalle shi.

Masaukinmu wani dogon bene ne kusa da asibiti, kowane ɗaki da mara lafiyarsa da mai jinyarsa. Akwai Larabawa, akwai mutanen Kenya, akwai wasu masu dogon gemu da ban taɓa gane ƙasarsu ba, amma kullum sai sun miƙo mana busasshen inabi. A nan na haɗu da Hajiya Zinatu, mutuniyar Maraɗi. Jinyar mijinta ta kawo ta shekarun baya, ta koyi yaren ƙasar, yanzu ita ce tafintar duk Bahaushen da ya sauka gidan. Ita ta hana ni yin faɗa da wata nas da na tambaya ko za a ba mu gado, ta dinga kaɗa mini kai gefe da gefe. Na ɗauka ta ƙi ne. Ashe a wajensu haka ake cewa to.

Abincinsu romon wake ne iri-iri da gurasa mai faɗi, nama kuwa sai ka yi tafiya ka nema. Shayinsu dai na yaba, da citta da madara. Kifinsu ban ce komai ba, kada a ce 'yar Yauri ta je ƙasar mutane ta yi rashin kunya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shanu ne. Saniya za ta kwanta tsakiyar titi, motoci su dinga kewaye ta, babu makiyayi babu sanda. Na tuna maƙwabcinmu Jauro, na ce da zai ga wannan da ya kwana uku bai yi barci ba.

Kafin aiki sai da na zauna gaban wani kwamiti. Aikinsu su tabbatar ni 'yar'uwarsa ce ta gaskiya, ba saye na aka yi ba. Sun riga sun gwada jininmu, amma suka yi ta tambaya. Aka zo kan sunan mijina, na ce Malam. Suka ce sunansa fa? Na ce Baban Ummi. Suka duba takarda suka dubi juna. Hajiya Zinatu ta mintsine ni ta ce, "Ke, kunyarki ta kai ki Yauri, nan faɗi za ki yi." Na rufe fuska da mayafi na faɗi sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar aurena. Da ta yi musu bayani, wata tsohuwa a cikin kwamitin ta yi dariya ta ce kakarta ma haka take. Suka sa hannu.

Aikin kansa ba ni da labarinsa, don barci na yi. Na farka kamar an raba ni biyu, da tiyo a hanci da tiyo a ciki. An cire mini fiye da rabin hanta an dasa masa, aka ce abin da ya rage mini zai tofo ya cike gurbinsa. Da na iya tsayawa aka tura ni bakin gilashin ɗakinsa. Ya ɗago hannu ya kira sunana daidai. Kafin a sallame mu idonsa ya yi fari tas. Wallahi ban taɓa sanin farin ido abin kallo ba ne sai a lokacin.

Ranar sallama likitarsa, wata 'yar ƙaramar mata mai furfura, ta zaunar da mu ta ɗauki biro tana zane, Hajiya Zinatu tana fassarawa. Ta ce hanta tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ce da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya an halicce ta da hanyar mutuwarta a cikinta. In ta tsufa ko cuta ta shige ta, sai ta naɗe kanta ta mutu shiru, maƙwabtanta su share wurin, sabuwa ta maye. Akwai wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayar, in sojojin jini suka ƙwanƙwasa ta, umarni ke nan. Ƙwayar tana da abin da take tokare ƙofar da shi daga ciki, don kada ta mutu a kan ƙaramin dalili, amma in bugun ya yi yawa sai tokarin ya karye. Ta ce duk wannan alheri ne, da shi jiki yake tsabtace kansa. Matsalar ita ce sojojin Shu'aibu ba su san hantata ba. Za su ga baƙuwar fuska, su bi lafiyayyun ƙwayoyi suna ba su umarnin mutuwa.

Na ce, "Hajiya, ce mata na gane. 'Yan banga ne."

Likitar ta ɗaga wasu ƙananan ƙwayoyin magani ta ce waɗannan su ke rage wa sojojin ƙarfi. Safe da dare, a kan lokaci, har ƙarshen rayuwarsa. Ni abin da na ji ke nan. Shu'aibu kuwa, daga baya na gane, kalma biyu kawai ya ɗauka: rage ƙarfi.

Aka ce mu zauna a masauki ana duba jininsa kafin a bar mu mu tafi gida. Maganin yana sa masa rawar hannu. Mutumin da yake riƙe jirgi cike da buhuna a tsakiyar igiyar ruwa, ga shi kofin shayi yana zubar masa a riga. Na ga abin yana cinsa, na yi ta ba shi baki. Ni ma a lokacin da ƙyar nake miƙewa, don haka da ya ce in bar masa maganinsa shi ba yaro ba ne, sai na bar masa.

Ana nan sai ya sayo baƙin tabarau wajen masu talla a bakin titi. Ya ce hasken garin ne ya dame shi. Yana sa shi a ɗaki, yana sa shi wajen cin abinci. Wata safiya na ɗauki kofinsa zan wanke, sai wani ɗaci ya bugi hancina, ɗacin da na sani tun ina yarinya. Na juya na kalli gadonsa. Ɗinkin matashin Inna a farke yake ta gefe ɗaya. Ban yi sallama ba na miƙa hannu na zare tabaran. Idon ya koma ruwan ɗorawa.

"Ina maganin asibiti?"

Na laluba aljihun rigarsa da ke rataye, ga ƙwayoyin nan a tare, na kwana da kwanaki.

"Yaya, ki saurare ni," in ji shi. "Likita da bakinta tac ce maganin rage ƙarhi ne. Dubi hannuna. Da wane hannu zan koma ruwa? Na ce in sha na Inna in samu ƙarhi, kuma kin san ba a haɗa na gida da na asibiti. Sai na aje nasu, in na gama wanga in koma."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, duk abin da ya faɗa, a gida daidai ne. Wanda ya tashi daga ciwo ƙarfi ake nema masa. Kuma kowa ya san ba a haɗa magani biyu. Bai yi don wauta ba, ya bi abin da aka rene mu a kai ne. Ban tsaya gardama ba. Na ƙwala wa Hajiya Zinatu kira, muka tare keke mai ƙafa uku, ina riƙe da cikina a duk ramin da muka faɗa.

Suka ɗebi jini, suka tsaga ɗan mitsitsin hantar suka duba. Likitar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juyo mana da allon kwamfuta. Ga naman hantata, ga wasu ɗige-ɗige masu duhu sun yi cincirindo a kai. Ta nuna su ta ce sojojin ke nan. Ta nuna wasu 'yan dunƙule-dunƙule da suka ƙanƙance ta ce waɗannan sun riga sun karɓi umarni. Ta ce har yanzu ana iya tsayar da abin, amma sai an ɗura masa magani mai ƙarfi ta jijiya, yau ba gobe ba. In aka bari, hantar za ta tafi, kuma ni ba ni da wata da zan bayar.

Da nas ta shigo da allura, Shu'aibu ya naɗe hannuwansa a ƙirji. Ya ce shawara ce, kuma shi ba za a yi masa abin da aka yi wa Baba ba. Ya ɗauki waya ya kira Inna. Ina jin muryarta daga inda nake tsaye: "Kada ka yarda! Ba Rakiya wayar!"

Na karɓa. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, zan kira ki an jima." Na kashe wayar. Ban taɓa yi mata haka ba.

Na zauna bakin gadon, na kamo hannunsa mai rawa na danna shi a kan cikina ta saman riga, daidai inda ɗinkin yake, har sai da zafin ya sa ni hawaye.

"Ka ji wannan? Lokacin da aka kawo ka nan idonka ya fi haka rawaya, ba ka san inda kake ba. Allurar da aka yi maka ta fi gashin kanka yawa. Ka mutu? Ba allura ta kashe Baba ba, Shu'aibu, ciwon ne ya riga ya gama da shi, kuma shi ba wanda ya ba shi hanta. Kai an ba ka. Na bar 'ya'yana, na faɗi sunan mijina gaban baƙi, an yanka ni kamar kifi. Abin da ke cikinka nawa ne, kuma ban yarda a kashe shi ina kallo ba. Miƙo hannun."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya fuska bango, ya fara kalmar shahada, ya miƙa hannun. Har ga Allah ya ɗauka mutuwa zai yi, kuma ya miƙa. Na sha ganin ƙarfin halinsa a kan ruwa, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba.

Bai mutu ba. Aka yi ta ɗura maganin ana duba jini, rawayar ta fara ja da baya kaɗan kaɗan. Likitar ta ce mun zo da wuri, amma kada mu sake gwada sa'armu. Ta rage masa adadin ƙwayar yadda rawar hannun ta yi sauƙi, ta ce da ya faɗa mata tun farko da an yi hakan ba tare da wannan wahala ba. Sauran garin Inna kuwa, Hajiya Zinatu ta karɓa ta ce ita za ta san inda za ta zubar.

Tsoron da na taho da shi a jirgi bai wuce na Inna ba. Mun iso Yelwa gida cike da 'yan barka, kowa da abin da ya riƙo wa mara lafiya, wannan jiƙo, wannan gari, wannan sassaƙe. Inna ba ta amsa gaisuwata ba. Ta wuce wajen Shu'aibu ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa, ta duba dama ta duba hagu. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙo cike da jiƙo.

Na tsaya tsakaninta da shi. Gaban mutane na ce, "Inna, ba zai sha ba."

Na ce a ba mu wuri, na ja ta ɗaki na durƙusa. Na gaya mata komai, har allurar, har kashe wayar. Ban iya zanen likita ba, don haka na ce mata hantar baƙuwa ce a jikinsa, masu gadin jikin ba su san ta ba, kullum neman korarta suke. Ƙwayar asibiti ita ke sa su kwanta. Duk abin da zai sa ya ajiye ƙwayar nan, ko na kwana ɗaya, buɗe musu ƙofa ne.

Inna ta dubi ƙoƙon da ke hannunta.

"An yi mai allura da shawara a jikinai," in ji ta a hankali, "kuma ya tashi."

Na ce, "Ya tashi, Inna."

Ta share ido da bakin zane. Na san ba Shu'aibu take tunani ba a lokacin, Baba ne. Can ta ce, "Sadda anka kawo mu tudu, shekara munka yi ana kallonmu kamar ɓarayi. Na san zaman baƙunta." Ta ajiye ƙoƙon a ƙasa ta tura shi gefe da ƙafa. "Nuna mini ƙwayar. Wace ta sahe, wace ta dare?"

Yanzu Shu'aibu yana tuƙa jirgin wani kafin Allah ya hore masa nasa. Maganin yana wajen Inna, a cikin kwanon da take ajiye goro, kuma ba ya fita gida sai ya haɗiya a gabanta ya buɗe baki ta gani. Masu kawo jiƙo ba su daina ba. Rannan ina shiga gidan na tarar da wata ƙawarta ta zo da kwalba, tana rantsuwa wannan ko mataccen jiki sai ya tashe shi. Inna ta yi mata godiya sosai, ta mayar mata da kwalbar cikin jaka da hannunta.

"Ki kai ma wani," in ji ta. "Akwai baƙuwa cikin yaron ga. Ɗiyata ce, kuma ba mai korar ta ina raye."